Kujerar Chanchaga a Majalisar Dokokin Jihar Neja: Daga Ina Aka Faro?

A duk lokacin da kakar zaɓe ta zagayo, mukan ga motoci masu lasifika sun cika mana unguwa, daga nan Barkin Sale har Soje da Kpakungu da Sauka ka Huta, ana kiɗa ana raba hula da atamfa. Kowa ya san sunan ɗan takarar shugaban ƙasa, kowa ya san na gwamna, amma da za ka tsayar da mutum goma a bakin masallacin Juma'a ka ce su faɗa maka wanda ke wakiltarsu a majalisar dokoki ta jiha, ko kuma inda iyakar mazaɓar tasu ta tsaya, to sai ka ga an fara sosa ƙeya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗan waiwaya baya, mu bi tarihin wannan kujera da ake kira mazaɓar Chanchaga, wadda a cikinta muke zaune, a cikinta muke biyan haraji, kuma a cikinta muka binne iyayenmu.

Kafin a yi maganar kujera sai an yi maganar gari. Kamar yadda kowa ya sani, ƙasar Minna ƙasar Gwari ce, wato mutanen da ke kiran kansu Gbagyi, kuma tun kafin zuwan Turawa suna zaune a kan duwatsun nan na Paida da kuma Bosso da sauran garuruwan kewaye. Wannan magana ba ta da ja, kuma duk wanda ya musa ta bai yi wa tarihi adalci ba. Amma Minna ta ƙasa, wato garin da ke kewaye da tashar jirgi, reluwe ce ta haife shi. A 1907 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratso ta nan ya isa Kano a 1911, kuma kafin ƙarshen 1912 layin da ya taso daga Ikko ya zo ya haɗu da shi a nan Minna. Aikin dogo yana son hannu, saboda haka sai leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, ga Nufawa, ga Yarabawa, daga baya kuma ga Ibo akawuna da masu gyaran inji. Inda leburori suka sauka kuwa, ai mahauta da maƙera da masu tuwo da malamai ba sa nisa.

Wanda ke neman shaida ya dubi sunayen unguwanni kawai. Kwangila, wato inda 'yan aikin kwangila suka zauna. Limawa. Maƙera. Unguwar Daji. Ƙetaren Gwari. Mu kanmu sunan unguwarmu ya tona asirinta, domin bariki ce, wurin da baƙo ke sauke kayansa. Har ila yau, cikin gundumomi 11 na kansila da ke ƙaramar hukumar Chanchaga, in ka cire guda biyu masu ɗauke da sunan Minna kanta, sauran tara duk sunayen Hausa ne: Limawa kashi biyu, Maƙera, Nasarawa kashi uku, Sabon Gari, da Tudun Wada kashi biyu. Ba don alfahari muka kawo wannan ba. Mun kawo shi ne saboda yaranmu da ake ce wa baƙi a garin da kakannin kakanninsu suka ɗauki jigo da diga suka gina, har wasunsu sun fara yarda.

A zamanin Turawa Minna ta zama hedkwatar Lardin Neja, inda Razdan yake zaune, daga baya kuma aka haɗa ƙasashen Gwari na kewaye a ƙarƙashin sarauta guda, Alhaji Ahmadu Bahago na Kuta, Allah ya ji ƙansa, ya zama Sarkin Minna na farko. Majalisa kuwa a Kaduna take. An buɗe Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a 1947, amma a wancan lokaci En'e-En'e ne ke tura wakilai, talaka ba ruwansa. Da aka zo zaɓen 1951 sai aka yi shi hawa-hawa: masu biyan haraji su zaɓi wakilan unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka a haka har a kai matakin lardi, inda 'yan tsirarun mutane za su fid da waɗanda za su tafi Kaduna. Bugu da ƙari, an ba En'e dama ta cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Da wannan dabara ce aka tace 'yan NEPU, waɗanda suka ci matakan farko a wurare irin su birnin Kano amma aka wayi gari ba su da kujera ko ɗaya. Lardinmu ya fitar da manya a ɓangarorin biyu: Alhaji Aliyu Makaman Bida, wanda ya riƙe ministan ilmi sannan ya daɗe yana ministan kuɗi a gwamnatin Sardauna, da kuma Malam Abubakar Zukogi, shi ma mutumin Bida, wanda ya yi babban sakataren NEPU. To amma leburan reluwe da ke haya a Kwangila, muryarsa takan mutu tun a hawa na farko.

Sai a zaɓen tarayya na 1959 kowane namiji baligi a Arewa ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye. Dattawanmu da suka riski lokacin sukan ba da labarin yadda ake shiga ɗaki a tarar da akwatuna a jere, wannan da hoton fartanya ta NPC, wancan da tauraron NEPU, mutum ya jefa takardarsa a wanda ya ga dama. Mata kuwa an hana su ɗungurungum, duk da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan wannan magana. Iyayenmu mata ba su sami 'yancin ƙuri'a ba sai a 1976, kuma zaɓen 1979 ne babban zaɓe na farko da suka fito suka yi layi.

Soja sun rushe majalisun duka a Janairun 1966. A 1967 Janar Gowon ya yanka ƙasa jihohi 12, aka haɗa Lardin Neja da na Sakkwato aka kira su Jihar Arewa maso Yamma, wato mai ƙaramar buƙata a Minna sai ya niƙi gari ya tafi Sakkwato. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa Jihar Neja, kwana goma kacal kafin a kashe shi, Minna ta zama babban birni, Murtala Nyako na sojan ruwa ya zama gwamna na farko. Jihar ta fara da ƙananan hukumomi takwas, ɗaya daga cikinsu Chanchaga, wadda a lokacin ƙatuwa ce, ta haɗa har da ƙasar Kuta. An yi ta yankan ta har ta koma cikin garin Minna kawai. Wani abin dariya ma shi ne, garin Chanchaga kansa, can hanyar Suleja inda gidan ruwa yake a bakin kogin da ya ba mazaɓar suna, yau gunduma ce a ƙaramar hukumar Bosso. Wato mutumin Chanchaga ba ya zaɓen ɗan majalisar Chanchaga, mu na Barkin Sale mu ke zaɓensa.

To yanzu mun iso inda muke son mai karatu ya buɗe ido, domin maganar lissafi ce.

Majalisar dokokin Jihar Neja ta farko ta zauna a Oktoban 1979. Tsarin mulkin wancan lokaci ya ce kujerun majalisar jiha su ninka na majalisar wakilai ta tarayya sau uku. Neja tana da kujeru 10 a Ikko, saboda haka ta sami 30 a Minna. Jam'iyyar NPN mai gida da masara ta kwashe kusan dukkansu, Alhaji Awwal Ibrahim, wanda daga baya ya zama Sarkin Suleja, ya zama gwamna. A zaɓen 1983 wani matashi ɗan garin nan, Mu'azu Babangida Aliyu, ya ci kujerar majalisar wakilai, amma wata uku kawai suka yi soja suka dawo ranar 31 ga Disamba.

A jamhuriya ta uku, ƙarƙashin Janar Ibrahim Babangida, shi ma ɗan Minna, an canza ma'auni. Aka ce kowace ƙaramar hukuma a raba ta mazaɓu biyu na majalisar jiha. A watan Agustan 1991 aka ɗauko Borgu daga Jihar Kwara aka haɗa mana, ƙananan hukumomi suka kai 19, kujerun majalisa suka zama 38. An yi zaɓen ranar 14 ga Disamba 1991, irin na ƙato-bayan-ƙato, inda kowa zai tsaya a bayan hoton gwaninsa a ƙirga shi da rana tsaka, maƙwabcinsa na kallo, mai gidan hayarsa na kallo. Mu da muka tsaya a wannan layi mun san abin da ake ji. SDP mai doki da NRC mai mikiya ne kaɗai a fage, Dokta Musa Inuwa na NRC ya ci gwamna. Ko shakka babu wannan tsari yana da aibinsa, amma a ƙarƙashinsa garin Minna yana da bakuna biyu a majalisa. Janar Abacha ya rushe su a Nuwamban 1993, ba su cika shekara biyu ba. An sake wani zaɓen 'yan majalisar jiha a Disamban 1997, aka ci aka sha, amma waɗanda suka ci ba a taɓa rantsar da su ba har Abacha ya rasu a Yunin 1998, Janar Abdulsalami Abubakar ya soke komai ya sake sabon lale.

Iyakokin mazaɓun da aka shiga 1999 da su kuwa, hukumar zaɓen zamanin Abacha ce ta zana su a 1996, shekarar da ƙananan hukumomin jiharmu suka kai 25. Sai aka ba kowace ƙaramar hukuma kujera guda, aka ƙara wa Bida ɗaya, aka ƙara wa Kontagora ɗaya, jimla 27. Da wannan adadi aka yi zaɓen 1999, da shi kuma aka yi ta tafiya har zaɓen 18 ga Maris 2023. A lura: 30 lokacin da babu Borgu, 38 bayan an kawo Borgu, sannan 27. Jiha ta ƙara faɗi, jama'a ta ninka, kujeru suka ragu.

Alhali kuwa sashe na 91 da na 112 na tsarin mulkin 1999 sun ce kujerun majalisar jiha su ninka na majalisar wakilai sau uku ko sau huɗu, kada su gaza 24, kada su wuce 40. Neja tana da mazaɓun tarayya 10. Ɗan firamare ma ya san goma sau uku talatin ne. Sashe na 113 ya ce a yi ƙoƙari yawan jama'ar kowace mazaɓa ya yi kusan daidai da na 'yar uwarta. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Neja mutum miliyan 3.9 da ɗoriya, in ka raba gida 27 kowace kujera za ta tashi da wajen mutum 146,000. Chanchaga a wannan ƙidaya ta haura 200,000, kujera ɗaya. Bida ba ta kai 200,000 ba, kujera biyu. Kontagora wajen 152,000, kujera biyu. Agwara ba ta kai 60,000 ba, kujera ɗaya, daidai da mu. Ba muna kushe Bida ko Kontagora ba ne, garuruwa ne masu tarihi, Allah ya ƙara masu. Kuma don gaskiya, ba mu kaɗai aka tauye ba, Mokwa da Shiroro sun fi Chanchaga yawa a ƙidayar, su ma ɗai-ɗai aka ba su. Amma akwai wani abu da ya keɓanci Chanchaga: ita kaɗai ce ƙaramar hukuma a jihar nan da take mazaɓar tarayya sukutum ita kaɗai. Sauran duk haɗaka ce, kamar Bosso da Paikoro, ko Shiroro da Rafi da Munya, ko Kontagora da Wushishi da Mariga da Mashegu. Wato an yarda Chanchaga ta isa ta tura mutum guda Abuja ita kaɗai, amma da aka zo majalisar da ke cikin garinta, inda lissafi ya nuna kowace mazaɓar tarayya za ta tashi da kujeru uku, sai aka ba ta guda. Ɗan majalisar tarayya da ɗan majalisar jiha, iyaka ɗaya, jama'a ɗaya.

Wani zai ce, to me ya dame mu, tunda ko kujera goma aka ba Chanchaga ba za a bar ɗan Barkin Sale ya hau ba? Wannan magana mun sha jin ta a wurin ɗaurin aure da wurin zaman makoki, kuma mun san inda ta samo asali. Mun san yadda ɗa zai gama sakandare da sakamako mai kyau, a tura shi neman takardar indijin, ya yi ta zarya, a ƙarshe a ce masa ya koma garin kakansa, garin da ko hanyarsa bai sani ba, can kuma a ce ba a san shi ba. Wannan ciwo ne na gaske. Amma a bambance abu biyu. Takardar indijin ana neman ta wajen gurbin karatu da ɗaukar aiki. Kujerar majalisa kuwa, sashe na 106 ya lissafa sharuɗɗanta: mutum ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekara 30, wanda aka rage zuwa 25 a gyaran 2018, ya yi karatu zuwa matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Babu asali a ciki, babu ƙabila. Mai jefa ƙuri'a ma abin da ake nema gare shi shekara 18 da rajista.

Tarihin mazaɓar ma bai goyi bayan masu yanke ƙauna ba. Alhaji Muhammad Umar Bago, haifaffen Minna ne amma Banufe ne, tushensa Bida. Ya ci kujerar Chanchaga ta majalisar wakilai a 2011 a jam'iyyar CPC, lokacin da PDP ke riƙe da jihar, ya sake ci a 2015 da 2019 a APC, sannan aka zaɓe shi gwamna a 2023. Shekara 12 mutanen Minna, Gwari da Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, suna tura shi Abuja. Kujerar jiha ita ma ba ƙaramar kujera ba ce, domin mai riƙe da ita a 2015, Alhaji Ahmed Marafa, shi abokan aikinsa suka zaɓa kakakin majalisa, ya riƙe har 2019. Dokta Mu'azu Babangida Aliyu da muka ambata ɗazu, Talban Minna, ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Gari ne na haɗaka, kuma babu wata ƙabila a cikinsa da za ta ci zaɓe ita kaɗai, kowa sai ya nemi maƙwabcinsa.

Wannan ni'ima ce da bai kamata mu yi wasa da ita ba. Mun ga abin da ya faru a Jos, inda aka kafa ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, rikici ya ɓarke a Afrilun 1994 kan wanda za a naɗa ya shugabance ta, sannan zaɓen ƙaramar hukuma na Nuwamban 2008 ya ci ɗaruruwan rayuka. Mun ga Zangon Kataf a 1992. Mun kuma ji abin da ya sami mazauna zango a Gana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, har da waɗanda a can aka yanke masu cibi. Su waɗancan dokar ƙasa ce ta ce baƙi ne. Mu kuwa dokar ƙasa ta ce 'yan ƙasa ne, kuma Allah ya haɗa mu da masu masauki waɗanda muka yi auratayya da su, muke cin kasuwa ɗaya. Saboda haka duk wanda zai zo mana da maganar kujera ta biyu da sunan wai kujerar Hausawa ce, mu ce masa ya kama gabansa. In an raba Chanchaga biyu, Bagwarin Ƙetaren Gwari da Bayaraben Sabon Gari da Banufen Tunga duk sun ƙaru kamar yadda muka ƙaru.

Mu kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ɗan takara ba a ranar zaɓe ake yin sa ba, a zaɓen fid da gwani ake yin sa, kuma deliget daga gunduma suke fitowa. Mu nawa ne ke da katin jam'iyya, kowace iri ce? Mu nawa ke zuwa taron gunduma in ba ranar da aka ce za a raba wani abu ba? Akwai magidanta a unguwar nan da suka shekara 30 a Minna, amma katin zaɓensu na Funtuwa ne ko Gusau, ranar zaɓe su cika mota su tafi gida, su dawo suna kukan ba a gyara masu magudanar ruwa ba. Ɗan siyasa kuwa rajistar rumfa yake dubawa, ba yawan masu salla ba. A 2021 hukumar zaɓe ta ƙara rumfunan zaɓe a ƙasa baki ɗaya, daga wajen 120,000 zuwa 176,846, karo na farko tun 1996, kuma doka ta ba kowa dama ya nemi a mayar da rajistarsa inda yake zaune. Ga kuma sashe na 110, na kiranye, wanda ya ce in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu cewa sun daina amincewa da wakilinsu, hukumar zaɓe za ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Abu ne mai wuyar gaske, amma ko shi ɗin da masu rajista ake yin sa.

Kada kuma a raina majalisar. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, wato a can ake yanke ko titin unguwa da asibitin sha-ka-tafi da ajin firamare za su shiga takarda ko ba za su shiga ba. Ita ke tantance kwamishinoni. Ita ke yin dokar ƙananan hukumomi da ta haraji da ta tsara gari, irin dokokin da ke shafar mai teburin nama da ɗan acaɓa da mai gidan da ba shi da takardar fili. Abuja tana da nisa, wannan kuwa kuɗin Keke Napep ne tsakaninmu da ita.

Hanyar neman ƙarin kujera a rubuce take. Sashe na 114 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta ƙasa sake duba iyakokin mazaɓun jiha, tsakanin dubawa da dubawa kada ya gaza shekara 10, kuma tana iya yi bayan ƙidaya. Sashe na 115 ya ce gyaran ba zai fara aiki ba sai majalisar dattawa da ta wakilai sun amince, kuma sai wa'adin majalisar jiha mai ci ya ƙare. Ke nan takardar koke za ta bi ta hannun hukumar zaɓe, kuma tana buƙatar bakin ɗan majalisar jiha da na ɗan majalisar tarayya da na sanatan Neja ta Gabas, wanda Chanchaga ke ƙarƙashinsa. Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce su fara tuntuɓar masu unguwanni da ƙungiyoyin Gwari da na Nufawa da na Yarabawa da na Ibo, a rubuta takardar tare, a sa hannu tare, a kai kwafi fadar Mai Martaba Sarkin Minna. Duk ɗan takarar da ya shigo Barkin Sale da lasifika kuma, kafin a karɓi hularsa, a zaunar da shi a kan tabarma a tambaye shi ko goma sau uku nawa ne.